Hoton da ke Kusurwar Ɗaki: Yadda Allolin Hindu Suka Shiga Gidajen Indiya

Masu kallo, barkanmu da sake haɗuwa.

Duk wanda ya taso da kallon fina-finan Indiya, ko a Plaza da Marhaba ne a Kano zamanin sinima, ko a fassarar Indiya-Hausa da ake turawa a waya yanzu, ya san wannan wurin. Uwa ta tashi da sassafe, ta ja gefen sari ta rufe kai, ta nufi wata kusurwa a cikin gida. Ta kunna 'yar fitilar mai da turaren tsinke, ta kaɗa ƙaramar ƙararrawa. A gabanta hotuna ne jere a bango, an rataya musu furanni. Wani shuɗi ne yana busa sarewa, wata tana da hannu huɗu, wani kuma kansa na giwa ne.

Mu dai mukan ce “ga Bagwan ɗinsu nan”, mu jira a koma kan labarin jarumi. Yau kan hotunan nan za mu tsaya. Mafi yawan masu kallonmu Musulmi ne ko Kirista, wannan ba aƙidarmu ba ce, kuma ba kiran kowa gare ta muke yi ba. Amma mabiya addinin Hindu sun haura biliyan ɗaya, kuma tarihin hotunan nan ya fi yadda ake zato ban mamaki. Fuskokin da Ba'indiye yake gani a ransa idan ya rufe ido ya tuna allolinsa ba su kai shekara 150 ba. Wani ɗan gidan sarauta ne daga kudancin Indiya, Raja Ravi Varma, ya zana su, injin Jamus ya buga su.

Kafin mu je can, sai mun san me ake yi da hoton.

Ku dubi idanun. Manya ne, a buɗe, kuma kusan kullum suna kallon wanda ke tsaye a gaba. Ba haɗari ba ne. A wurin mabiyin Hindu, babban abin da ke faruwa a wurin bauta shi ne ya ga abin bautarsa, shi ma abin bautar ya gan shi. Darshan suke kiran wannan. Mutum zai yi tafiyar kwana da kwanaki, ya bi layi na awanni a haikalin Tirupati, don ya samu 'yan daƙiƙu ido cikin ido da gunkin, sannan masu gadi su tura shi gaba. Saboda haka hoton da ke bango ba ado ne kawai ba. Ana ɗaukarsa kamar babban baƙo da ya sauka a gida: a kunna masa fitila, a ɗiga masa jan gari a goshi ta saman gilashi, a ajiye masa ayaba ko alewa, daga baya a raba wa mutanen gida su ci. Ba a shiga wurin da takalmi. Ba a kwanciya a miƙe ƙafa ta ɓangarensa. Masu bin tsarin gini na gargajiya sun fi son a ajiye shi a kusurwar arewa maso gabas. Attajiri zai ware ɗaki guda, talakan da ke haya a Mumbai kuwa ɗan katako ɗaya ya ishe shi a saman tukwanen girki.

Ba duka ne suka yarda da haka ba, a sani. Ƙungiyar Arya Samaj, wadda Dayananda Saraswati ya kafa a 1875, ta yi fatali da bautar gunki da hoto baki ɗaya. Wasu malamansu kuma cewa suke yi hoton hanya ce kawai ta tattara hankali. Amma a gidan talaka, hoto ne ya yi rinjaye.

To yaya ake gane wane ne wane? Da abin da ke hannunsa, da dabbar da ke kusa da shi. Mai kan giwa Ganesha ne, haurensa ɗaya a karye, ga ɓera a gindinsa. Shi ake fara kira kafin a buɗe shago ko a ɗaura aure, don sun yi imani shi ke kawar da cikas, shi ya sa kuke ganinsa a saman ƙofa da gaban mota. Mace mai jan sari a kan furen bado, tsabar zinariya na zuba daga tafinta, Lakshmi ce, ta dukiya. A bikin Diwali 'yan kasuwa kan ajiye sabon littafin lissafinsu a gabanta. Mai fararen kaya da wani dogon molo da littafi, Saraswati ce, ta ilimi, ita ɗalibai ke nema lokacin jarrabawa. Mai maciji a wuya da jinjirin wata a ka da mashi mai baki uku, Shiva ne. Shuɗin nan mai sarewa da gashin dawisu kuwa Krishna ne, wanda aka fi so a zana shi yana jariri, ya tsoma hannu cikin tukunyar man shanu. Yawan hannayen ba yana nufin suna ganin halitta ce mai naƙasa ba. Hanya ce ta nuna iko da yawa a jiki ɗaya, kowane hannu da abin da yake riƙe.

Waɗannan alamu tsofaffi ne ƙwarai, suna jikin duwatsun haikali tun fiye da shekara dubu. Zanen hannu ma tsoho ne. Wanda ya fi kowanne ƙawa shi ne na Thanjavur, a jihar Tamil Nadu, wanda ya bunƙasa a ƙarƙashin sarakunan Maratha na garin, musamman Serfoji na biyu da ya yi mulki daga 1798 zuwa 1832. Aikin na buƙatar haƙuri. Za a samo katako, a manna masa ƙyalle, a shafe shi da garin alli da aka kwaɓa da ƙaro ko da ƙullun ƙwallon tsamiya, a goge har ya yi sumul. Sai a zana siffar, a tayar da kambi da sarƙoƙi da ginshiƙai da wannan kwaɓin har su yi tudu, a dasa duwatsu masu ƙyalli ko gilashi, sannan a lulluɓe tudun da zinariyar da aka buga ta yi siriri fiye da takarda. Fuska ce ƙarshe. Dalilin zinariyar a fili yake: ɗakin bauta duhu ne, fitilar mai ɗaya ce a ciki, kuma da harshen wutar ya motsa sai hoton duka ya ɗauki walƙiya.

A Nathdwara ta Rajasthan kuma, manyan zanuka ake yi a kan yadi, ana rataya su a bayan gunkin Krishna da aka kai garin a 1672, ana sauya su bisa yanayi da bukukuwa. A Puri ta Odisha akwai abin da ya fi ba ni sha'awa. Kowace shekara ana yi wa gumakan haikalin Jagannath babban wanka, sai a ce sun kamu da zazzaɓi, a killace su kimanin mako biyu. A tsawon wannan jinyar, zane ne a kan ƙyalle yake tsaya musu, shi jama'a ke zuwa gani. A yankin Mithila na Bihar, mata ne ke zana alloli a bangon ɗakin amarya, sai a shekarun 1960, lokacin fari, aka ƙarfafa musu gwiwa su koma zanawa a takarda su sayar.

Sai dai duk waɗannan, ko dai na mai kuɗi ne, ko na yanki ɗaya. Krishnan Thanjavur daban, na Bengal daban. Kuma akwai wata babbar matsala: miliyoyin mutanen da tsarin ajin haihuwa ya ajiye a ƙasa, waɗanda ake cewa ba a taɓa su, an hana su shiga haikali a wancan zamanin. A wasu wuraren ko hanyar da ta wuce ta gefensa ba sa bi. Addininsu ya ce ganin abin bauta shi ne ibada, al'ada kuma ta rufe musu ƙofa.

A nan Raja Ravi Varma ya shigo.

An haife shi a 1848 a Kilimanoor, cikin masarautar Travancore, jihar Kerala ta yau, a gidan da ke da surukuta da sarakunan ƙasar. Kawunsa ne ya fara koya masa zane. Daga baya aka kai shi fadar Trivandrum, inda ya ga wani Bature mai suna Theodore Jensen yana aiki da fentin mai. Abin da ya ɗauka daga salon Turawa shi ne haske da inuwa: yadda ake sa kunci ya yi tudu, siliki ya yi nauyi, abu na nesa ya yi nesa. Ya fara da zana sarakuna da jami'an Ingila, ya yi suna, har aka kai ayyukansa babban baje kolin Chicago a 1893.

Amma abin da ya sauya komai shi ne ranar da ya juya wannan salon kan labaran Ramayana da Mahabharata, manyan tsofaffin littattafan labaran allolin Hindu da jarumansu. Sarkin Baroda, Sayajirao Gaekwad na uku, ya ba shi aikin manyan zanuka 14 don sabuwar fadarsa. Da aka baje su, mutane suka yi cincirindo. Ba su taɓa ganin allolinsu da fata irin ta mutum ba. Lakshmi ta fito kamar wata kyakkyawar matar da za ka iya haɗuwa da ita a gidan biki, sanye da sari, tsaye a kan bado cikin tafki, ga daji a bayanta. Ana ba da labarin cewa wasiƙun masu neman hotunansa sun yi yawa har sai da aka buɗe gidan waya a ƙauyensu. Tun kafin nan, Sir T. Madhava Rao, wanda ya yi waziri a Travancore da Baroda, ya ba shi shawarar ya riƙa buga su, tunda hannu ɗaya ba zai iya biyan buƙatar ƙasa guda ba.

A 1894 shi da ƙanensa Raja Raja Varma suka buɗe maɗaba'a a Bombay, wato Mumbai ta yau, da injuna daga Jamus, da wani Bajamushe ƙwararre mai suna Fritz Schleicher. Ba su ne na farko ba, akwai masu irin wannan bugu a Calcutta da Poona tun 1878. Amma ingancin nasu ya sha gaban kowa.

Ga yadda ake yi. Ana samun faffaɗan dutse mai laushi a goge shi, a zana hoton a kansa da abu mai maiƙo. A jiƙa dutsen da ruwa. Ruwan zai zauna ko'ina ban da inda maiƙon yake. Idan aka bi da tawada, ita ma mai maiƙo ce, sai ta kama wurin zanen kaɗai ta guje wa ruwan. A ɗora takarda a danne. Wahalar ita ce kowane launi da dutsensa. Ja dutse guda, shuɗi dutse guda, launin fata ma sai an haɗa duwatsu da dama. Takarda ɗaya za ta bi ta kan dutse goma ko fiye, kuma dole kowanne ya faɗa daidai inda na baya ya faɗa, in ba haka ba ido ya koma kan kunci. A ƙarshe a shafa mata man ƙyalli ta yi kama da zanen fenti. Da an gama shirya duwatsun, sai dai a yi ta bugawa, dubbai a kan dubbai.

Shi kansa Ravi Varma bai ci riba ba. Annoba ta ɓarke a Bombay a 1896, aka kwashe maɗaba'ar zuwa Malavli kusa da Lonavala, bashi ya taru, daga ƙarshe ya sayar wa Schleicher. Ya rasu a 1906. Hotunan kuwa suka ci gaba da tafiya ba tare da shi ba. Jirgin ƙasa ya kai su kowace kasuwa da kowane wurin ziyara, ana sayar da su kuɗi kaɗan. Ku lura da wannan: masarautar Travancore, ƙasar haihuwarsa, ba ta buɗe haikalinta ga kowa da kowa ba sai a 1936. Shekara arba'in kafin nan, mai sharar titi ya riga ya rataya Lakshmi a ɗakinsa, irin wadda ke ɗakin sarki, babu limamin haikali a tsakani. A ganina wannan ne babban abin da injin ya yi, ko da ba shi ne nufin masu shi ba.

Masana zane na lokacin ba su ji daɗi ba. Ananda Coomaraswamy da masu ra'ayinsa sun ce Ravi Varma ya mayar da alloli 'yan wasan kwaikwayo, ya kwaikwayi Turawa, ya zubar da martabar zanen Indiya. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Wasu hotunan nasa sun yi kama da dandalin wasa, kuma ya taimaka wajen dasa tunanin cewa kyau shi ne farar fata. Amma matan gida ba su nemi izinin masana ba. Suna sayen hoton, wasu ma su ɗinka masa ƙyallen siliki da duwatsu a kan takardar, su sa a gilashi.

'Yan kasuwa su ma suka gano wani sirri. Duk takardar talla ana yar da ita, amma wadda ke ɗauke da abin bauta ba mai iya jefa ta a shara. Sai kamfanoni, har da na Ingila, suka shiga buga kalanda da hotunan alloli. Sabulun Sunlight ya yi, masu maganin ciwon cikin jarirai na Woodward's suka yi da jariri Krishna. Aka sa su a kwalin ashana da tambarin bandir ɗin yadi. Shekara za ta ƙare, a yanke kwanakin a zubar, hoton ya zauna a bango da sunan kamfanin a ƙasansa shekara ashirin. Garin Sivakasi na Tamil Nadu, wanda aka sani da ashana da kayan wasan wuta, ya zama cibiyar buga kalanda, kuma har yau haka yake.

Salon ma ya ci gaba da sauyawa. Daga ƙarshen shekarun 1920, kamfanin S. S. Brijbasi ya fara buga ayyukan masu zanen Nathdwara, irin su Narottam Narayan Sharma. Su ne suka kawo wannan yanayin da kuka fi sani: dare mai farin wata, dawisu, shanu, ruwa na gangarowa, launuka masu kauri, da Krishna yana kallonka kai tsaye. Allolin Ravi Varma sau da yawa suna kallon gefe, suna cikin labarinsu. Masu saye kuwa ido suke so, sai masu bugawa suka juyo da fuskokin gaba.

Alaƙar da fim kuma ba ta tsaya a bango ba. Dadasaheb Phalke, wanda ake kira uban fim ɗin Indiya, ya yi aiki da maɗaba'ar Ravi Varma kafin ya fitar da Raja Harishchandra a 1913. Kayan sawa da kambi da tsayuwar alloli a fina-finan farko daga hotunan nan aka ɗauko su. Wani lokaci kuma fim ne ke haifar da hoton. Wata abar bauta mai suna Santoshi Maa ba sananniya ba ce sosai a faɗin ƙasar sai da wani ƙaramin fim a kanta ya fito a 1975, mata suka riƙa cire takalmi a ƙofar sinima, hotonta ya shiga gidaje. Da gidan talabijin na gwamnati ya fara nuna Ramayan, wasan kwaikwayon labarin Ramayana, a 1987, tituna kan yi tsit ranar Lahadi da safe, wasu su rataya wa akwatin talabijin furanni su kunna masa turare.

Hotunan sun iso Afirka ta Yamma ma, ta hannun 'yan kasuwar Indiya. A gaɓar tekun Togo da Benin da Ghana, masu bautar Mami Wata sun karɓe su suka ba su ma'anarsu. Hoton Dattatreya, wani abin bautar Hindu mai kai uku, alal misali, ya koma wani iskan ruwa da suke kira Densu. Wanda ya buga shi a Bombay bai taɓa mafarkin haka ba.

Yau fa? Zanen hannun Ravi Varma ya zama dukiyar ƙasa da doka ta hana fitarwa daga Indiya. A 2016 an sayar da ɗaya a gwanjo a Mumbai kan sama da rupi miliyan 200. Tsofaffin bugun maɗaba'arsa, waɗanda kakanni suka saya da 'yan kwabbai, masu tara kayan tarihi na farautarsu. Zanen Thanjavur ya zama kyautar aure da ta tarewa a sabon gida, kuma kasuwar ta cika da na jabu masu takardar ƙyalli a madadin zinariya. Talaka kuwa yana nan da na roba mai fitilu masu walƙiya, ko wanda ƙanwar babarsa ke turo masa a WhatsApp kowace safiya.

Matsalar da ta rage ita ce ta tsohon hoto. Idan ya yage ko ya koɗe, ba a son a bar shi a ɗakin bauta, ba kuma a jefa shi a bola. Bisa al'ada a kogi ake sakinsa, ko a ajiye shi a gindin bishiya kusa da haikali. Da takarda ce zalla babu damuwa sosai, amma yanzu gilashi ne da roba da ƙusa, har ƙungiyoyin sa kai suka taso a wasu birane suna bi suna tattara su don a sarrafa.

Wannan kunyar ta hoton har masu gidaje sun mayar da ita makami. Mu nan mukan rubuta “Ba a fitsari a nan” a jikin katanga, wani ma ya ƙara da tsinuwa, kuma duk mun san yadda ake bin dokar. A biranen Indiya, tayil ake mannawa a gindin katangar da lungun matakala, mai hoton Ganesha ko Shiva ko Lakshmi, wani lokaci a haɗa da gicciye da jinjirin wata don kada kowa ya tsira. Masu tofar da jan yawun ganyen taunawa da masu tsugunawa sai su nemi wani wurin. Wasu mabiya sun ga wannan wulaƙanta abin bauta ne, har suka kai ƙara babbar kotun Delhi suna neman a hana. Kotun ta kori ƙarar.